Daga Rum Zuwa Misau: Asalin Dinarin Da Muke Auna Sadaki Da Shi

 Kwana biyu kun ji ni shiru. Gida na je, Misau, ɗaurin auren 'yar ƙanena, kuma a can na samo abin da zan yi magana a kansa yau.

Bayan an sakko daga masallacin Juma'a aka zauna a ƙofar gida, aka fito da goro da alawa, wakilin ango ya nemi aure, waliyyi ya bayar. Da aka zo kan sadaki liman ya tambayi adadi, aka faɗa, ya ce alhamdu lillahi ya haura rubu'in dinari, aka shafa fatiha. Da jama'a suka watse sai ƙanen amarya, yaro ɗan sakandare da ke karatu a Azare, ya matso kusa da ni ya ce, "Baffa, wai shi dinarin nan da kullum ake ambato, kuɗin wace ƙasa ne?" Na ce kuɗin Larabawa ne na da. Ya ce, "To su a ina suka samo shi?" Nan na yi abin da manya kan yi idan yaro ya ƙure su, na ce tashi ka kawo mini ruwa.

Tambayar ta biyo ni har Ibadan. Mu da rabin sana'armu a Sabo canji ce, muna juya kuɗin ƙasashe tun safe har dare, abin kunya ne a ce ba mu san asalin kuɗin da ake auna aurenmu da zakkarmu da diyyarmu da shi ba. Shi ya sa na zauna na bi sawunsa, sai ga shi sawun ya kai ni birnin Roma.

Wajen shekara 211 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) Rumawa suka fara buga wata tsabar azurfa da suke kira denarius. Ta zinariya kuwa sunanta aureus, wani lokaci su ce denarius aureus, wato dinarin zinariya. Yuliyus Kaisar ne ya fara buga ta da yawa, guda 40 daga laba ɗaya ta Rumawa, kowace tana da nauyin kusan giram 8, kuma tana daidai da ta azurfa 25. Don mai karatu ya gane darajarta, a zamanin sarki Agustus albashin sojan ƙasa na shekara guda dinarin azurfa 225 ne, wato zinariya 9 kacal. Saboda haka ba kuɗin cefane ba ne. Kuɗin biyan runduna ne, da haraji, da kyautar sarki ga manya. Da hannu ake buga ta, a ɗora ɗan faifan zinariya tsakanin hatimi biyu da aka sassaƙa, a maka guduma, hoto ya fito gaba da baya.

To hoton nan shi ne ya fi ɗaukar hankalina. A lokacin babu rediyo, babu jarida. Talakan da ke Masar ko Sham zai iya mutuwa bai taɓa ganin sarkinsa ba, amma sojan da ke tsaron garinsu yana da fuskar sarkin a jakarsa. Kuɗi shi ne sankiran sarki. Abin da yake so a sani, shi yake sa a buga.

Tun asali Rumawa ba sa buga fuskar rayayyen mutum a kuɗin birninsu, sai gumakansu da kakannin da suka shuɗe, domin sun tsani sarauta. Kaisar ne ya karya wannan al'ada a farkon shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa, aka buga kansa a azurfa tare da laƙabin mai mulki na har abada. Ranar 15 ga Maris ta wannan shekarar 'yan majalisa suka daddaɓa masa wuƙa. Abin dariyar, Burutus da ya jagoranci kisan da sunan 'yanci, bayan shekara biyu shi ma ya buga kuɗi da fuskarsa, a bayan kuma wuƙaƙe biyu da hular da ake sa wa bawa ranar da aka 'yanta shi, da kwanan watan kisan. Wanda ya hana wani ya zo ya yi. Ɗaya daga cikin na zinariyar nan an yi gwanjonta a Landan a 2020 kan sama da fam miliyan 3, daga baya aka gano fitar da ita aka yi ba bisa ƙa'ida ba, aka mayar wa ƙasar Girka a 2023.

Agustus da ya ci Masar, bai tsaya dogon bayani ba. Kada ya sa aka zana a bayan kuɗin, da kalmomi biyu masu nufin an kama Masar. Na Nero kuwa labari ne sukutum ga wanda ya jera su. Ya hau mulki a shekara ta 54 yana ɗan shekara 16, uwarsa Agiripina ce ke juya al'amura, kuma zinariyar farko ta nuna su suna fuskantar juna, hanci da hanci. Shekara ta zagayo sai aka mayar da ita bayansa. Daga nan ta ɓace daga kuɗin, a shekara ta 59 ya sa aka kashe ta. Masu sassaƙa hatimi kuma ba su yi masa kara ba, yaro siriri ya koma mai kumatu da kaurin wuya a kuɗin ƙarshen mulkinsa. Shi ne kuma a shekara ta 64, shekarar da gobara ta cinye Roma, ya rage nauyin zinariyar zuwa guda 45 a laba. Fuska na ƙara faɗi, kuɗi na ramewa.

Mu mutanen Afirka ma muna ciki. Sarki Hadiriyan, wanda ya yi mulki daga 117 zuwa 138, ya zagaya lardunansa sannan ya sa aka buga kowane lardi a siffar mace. Afirka ta fito a kishingiɗe, da fatar kan giwa a kanta kamar ɗankwali, hannunta a kan zaki, ga kwandon hatsi a gefe. Abin da suke nufi da Afirka shi ne yankin Tunisiya da kewaye, kuma kwandon nan ya faɗi gaskiyar yadda suka ɗauke ta, wato rumbun da ke ciyar da Roma. Daga baya ɗan Afirka ya hau gadon kansa, Sabtimiyus Seberus, haifaffen Labda a Libiya ta yau, daga 193 zuwa 211. Akwai zinariyarsa mai kyau ƙwarai, shi a gaba, a baya matarsa Yuliya Domna a tsakiyar 'ya'yansu biyu, Karakala da Geta, da rubutu mai nufin zamanin jin daɗi. Uban bai shekara da mutuwa ba Karakala ya sa aka kashe Geta a hannun uwarsu, ya kuma bi sunansa da hotonsa yana kankarewa daga gine-gine. Tun daga nan na fahimci cewa idan sarkin Rum ya buga haɗin kai a kuɗi, to a duba da kyau, akwai ɓaraka a gidan.

Akwai kuma sarki guda da duk ɗan makarantar allo ya san sunansa ko da bai san Barume ba ne. Malamanmu na tafsiri idan suka zo kan Ashabul Kahfi sukan ambaci azzalumin sarki Dakiyanus. Masana tarihi sun ce shi ne Desiyus, wanda ya yi mulki daga 249 zuwa 251, ya tilasta wa kowa yin yanka ga gumaka a karɓi takardar shaida. A ƙissar, da samarin suka farka suka aiki ɗayansu gari da azurfarsu ya sayo abinci, me ya tona shi? Kuɗin. Mai sayarwa ya ga tambarin sarkin da ya daɗe da shuɗewa, ya zaci taska yaron ya tono. Na sha jin wannan ƙissa da azumi tun ina yaro a Misau, amma ban taɓa kawowa a raina cewa irin kuɗin Dakiyanus, na azurfa da na zinariya, suna nan a ajiye a gidajen tarihi ana kallonsu ba.

A zamanin su Dakiyanus daular ta rikice, sarki ya hau yau a kashe shi gobe, azurfa ta koma tagulla da aka yi wa wanka, zinariya kowa da nauyin da ya ga dama. Kustantin ne ya daidaita al'amarin. Wajen shekara ta 310 ya fito da sabuwar tsaba mai suna solidus, guda 72 a laba, kusan giram 4.5. Wannan ta riƙe nauyinta da tsarkinta kusan shekara 700, har 'yan kasuwar ƙasashen da ba sa ƙarƙashin Rum suka amince da ita. Kafin in wuce, daga sunan solidus ne Turawa suka samo kalmarsu ta mayaƙin da ake biya albashi, wadda muka ara muka ce soja. Dattawan da suka yi makarantar elemantare kafin 1973 kuma za su tuna ana rubuta sisi 6d, taro 3d. Wannan harafin d ɗin denarius ne.

Wannan solidus ita ce dinarin da fataken Makka ke karɓowa daga Sham. A zamanin Manzon Allah (SAW) Larabawa ba su da gidan buga kuɗi, zinariyarsu ta Rum ce, azurfarsu dirhamin Farisa. Sarkin Rum na lokacin shi ne Hirƙal, wanda ya yi mulki daga 610 zuwa 641, wanda aka aika wa wasiƙar nan da ke cikin littattafan hadisi. Dinarinsa na ɗauke da hotonsa, daga baya da na 'ya'yansa, a baya kuma gicciye a kan matakala. Da shi sahabbai suka yi ciniki, suka fitar da zakka, suka biya sadaki. Awo suke bi, ba hoto ba. Sau ɗaya kalmar dinari ta zo a Alƙur'ani, a aya ta 75 ta Suratu Ali Imrana, kuma a kan riƙon amana ake magana.

An shafe shekaru sama da sittin bayan wafati ana amfani da kuɗin Rum ko kwaikwayonsa, wani lokaci a cire sandar gicciyen ta kwance a bar ta tsaye. Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya fara gwada buga hoton halifa a tsaye riƙe da takobi. A daidai wannan zamani sarkin Rum Yustiniyan na Biyu ya sa hoton da suke cewa na Annabi Isa ne a nasa kuɗin. To a shekara ta 77 bayan hijira, wato 696 zuwa 697, Abdulmalik ya yanke shawarar da ta zauna har yau, ya share hoto gaba ɗaya, ya cika fuska biyun da rubutu, kalmar shahada da ayoyi da shekarar bugu. Nauyin ya tsaya a kusan giram 4.25, wato miskali ɗaya. A lissafin da ya fi yaɗuwa, daga nan nisabin zakka na dinari 20 ya zama giram 85, diyyar rai dinari 1,000, mafi ƙarancin sadaki kuma a mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a Risala, rubu'in dinari, wato giram ɗaya da ɗan ɗoriya. Abin da liman ya auna auren 'yarmu da shi ke nan. An cire fuskar Hirƙal, amma suna da awo sun tsira.

Yaya aka yi ya ƙetaro Sahara? Rumawa da kansu sun ɗan leƙo. Masanin taswira Batlimus ya rubuta cewa wani Yuliyus Matarnus ya bi sarkin Garamantawa na Fezzan tafiyar wata huɗu kudu, har wata ƙasa Agisimba mai yawan karkanda, wadda wasu masana ke ganin wajen Tafkin Chadi take. A kabarin Tin Hinan da ke Abalesa a kudancin Aljeriya, wanda aka tona a 1925, an sami tambarin kuɗin Kustantin a kan ganyen zinariya. Amma ba sojan Rum ne ya kawo mana dinari ba, fatake da malamai ne. Kuma abin ya juya, domin zinariyar da aka riƙa buga dinarin Musulunci da ita a Arewacin Afirka, mai yawa daga Afirka ta Yamma take fitowa. Al-Bakri ya rubuta a 1068 cewa mutanen Tadmakka, a arewacin Mali ta yau, suna da dinarin zinariya tsantsa wanda ba a buga masa komai ba, har ana ce masa mai sanƙo. A 2005 masu tonon tarihi suka sami kaskon da ake zuba irinsa a kufan garin, da ɗigon zinariya manne a jiki. Babu sarki, babu rubutu, awo kawai. Masana harshe kuma sun ce kalmarmu ta zinariya daga dinari ta samo asali, maƙwabtanmu Barebari ma dinar suke ce wa zinariya. Ashe duk matar da ta ce a sayo mata sarƙar zinare, sunan kuɗin Kaisar take kira.

A ƙasarmu ta Katagum da Misau kuwa, dinari ya zauna a littafin alƙali da bakin malami, kasuwa kuma da nata kuɗin. Daular Usmaniyya ba ta buga tsaba ba. Lokacin da Baturen nan Kilafaton ya iso Katagum daga Borno a watan Janairun 1824, tafiyar da abokinsa Likita Udni ya mutu a Murmur, ya rubuta cewa a nan ya fara ganin ana ciniki da wuri, domin a baya duk da ƙyallen saƙi da makamantansa ake saye da sayarwa. Wato garuruwanmu su ne kan iyakar kuɗi biyu, wuri ta yamma, gabagar Borno ta gabas. Shekara bakwai bayan haka, a 1831, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Mamman Manga ɗan Gwani Muktar garin Misau, kuma har yau sarautar Sarkin Borno ta Gabas ake kira. Shi wuri daga tsibiran Maldib na tekun Indiya ake kawo shi, ba shi da hoton kowa, ba shi da sunan kowa, kuma daga jam'insa muka sami kalmar kuɗi. Don babban ciniki akwai dalar azurfa mai kan sarauniya Mariya Tarisa ta Ostiriya, wadda duk lokacin da aka buga ta 1780 ake rubutawa a jiki. Barth ya tarar ana canjin dala ɗaya kan wuri 2,500 a Kano a 1851. Malaman jihadi da almajiransu sun riƙe kuɗi mai hoton matar Nasara kamar yadda magabata suka riƙe na Hirƙal, saboda azurfarta ba ta da algus.

Da Turawa suka ci ƙasa, sun san abin da Kaisar ya sani. A 1904 suka hana shigo da wuri. Daga 1907 suka fito da kwabo da anini masu huda a tsakiya, da tauraro mai tsini shida, da darajar kuɗin a rubutun Larabci. Waɗannan babu kan sarki a jikinsu, sai sunansa da kambinsa, hudar ta cinye wurin fuskar. Kan Sarki Joji na Biyar ya fito a sule da fataka na azurfa daga 1913, da bishiyar kwakwar manja a bayansu. Kakata, Allah Ya jiƙanta, tana da anini guda uku da ta zura a zare ta ajiye a cikin kwalla, kuma har ta rasu idan abu ya yi tsada sai ta ce zambar kaza, lissafin wuri, alhali ba a haife ta ba lokacin da aka hana shigo da shi.

Naira ta zo ranar 1 ga Janairun 1973 ba tare da fuskar kowa ba. Janar Murtala ne ɗan Nijeriya na farko da ya hau takardar kuɗi, naira 20, a 1977, shekara guda bayan kashe shi. A 1979 namu na Bauci, Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya hau naira 5. A nan mun fi Kaisar hankali, sai mutum ya mutu muke buga shi. Amma rigimar abin da ke jikin kuɗi ba ta bar mu ba. A 2007 aka cire ajami daga naira 5 da 10 da 20 da 50, a 2014 aka cire shi daga sabuwar naira 100, ya rage a 200 da 500 da 1,000. Mu da ke zaune a Kudu mun fi kowa shan tambaya a kan wannan. Sau nawa abokin ciniki ya nuna mini rubutun ya ce me ya kawo addininku kan kuɗin ƙasa? Sai in karanta masa, naira dubu, Hausa ce zalla, babu aya babu addu'a, an sa ne don dattijon da ya yi allo bai yi boko ba. Wasu su yi dariya su ce ashe, wasu su tafi ba su gamsu ba. Ni ina ganin cire shi kuskure ne, domin har yau akwai masu sayar da shanu a kasuwannin Azare da Gamawa da shi kaɗai suke iya karantawa. Amma ba na ganin laifin mai tambayar. Tun zamanin Burutus mutane ke duba kuɗi su tambayi na wane ne.

Abin da ya fi damuna a yanzu ba rubutun ba ne. Duk mai bin sanarwar nisabi da ake fitarwa wata-wata ya ga yadda rubu'in dinari ke hawa a lissafin naira, musamman tun 2023 da aka saki darajarta. Giram ɗin bai ƙaru ba, yana nan yadda Abdulmalik ya bar shi, takardar hannunmu ce ke yin abin da zinariyar Nero ta yi. Shi ya sa nake roƙon iyayen yara, a Misau da nan Sabo, tunda mafi ƙarancin ma ya zama aiki ga saurayi mai tura baro ko sayar da goro, a sassauta lefe da kayan gara da sauran abin da ba littafin da ya wajabta.

Duk wannan bayani na tattara na tura wa yaron nan ta waya, har da hoton zinariyar Hirƙal da ta Abdulmalik gefe da gefe. Bayan kwana biyu ya amsa. Bai ce komai a kan Kaisar ba. Ya ce, "Baffa, na gode. To a wannan watan nawa ne rubu'in dinarin?" Na ce ka gama jarrabawa tukuna.